Mai Nutso Da Ciwon Firgita A Kududdufan Kuza

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Jos zuwa Bukuru, ya ratsa ta Daɗin Kowa ya karkata wajen Rayfield, ba zai rasa ganin manyan kududdufai masu kwantaccen ruwa ba, ga tulin jar ƙasa jibge a gefensu. Baƙo yakan zaci tafkuna ne tun na asali, alhali kuwa ramukan haƙar kuza ne. Kamfanonin Turawa suka fara haƙa su tun farkon ƙarnin da ya wuce, aikin ya bunƙasa bayan da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta iso a 1914, har ta kai ga an riƙa kwaso leburori tilas daga lardunan Arewa tsakanin 1942 da 1944 saboda bukatar yaƙi. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya cikin 1985, abin da ya rage na harkar ya durƙushe, aka bar ramukan a buɗe ruwa ya cika su.

Waɗannan kududdufai suna da amfani, don da su ake noman rani, ana kuma kamun kifi. Amma fa suna cin mutane, galibi yara da samari masu zuwa wanka. In tsautsayi ya auku, sai a ruga a kira 'yan kwana-kwana da gwanayen ruwa na unguwa, su shiga su lalubo wanda ya nutse. Kowa yana yaba jaruntakarsu a bakin ruwa, amma ba safai akan tambayi halin da sukan shiga bayan sun koma gida ba.

A ɗauki misalin mai nutso wanda ya shekara goma yana wannan aiki ba tare da gabansa ya taɓa faɗuwa ba. Ran nan yana can ƙasa cikin duhu, laka ta turnuƙe, hannunsa ya taɓa abin da ya shiga nema, sai ya ji zuciyarsa tana dukan uku-uku, ƙirjinsa ya toshe, ya tabbata mutuwa ce ta zo. Allah Ya taimake shi ya fito. Bayan mako biyu abin ya sake buge shi yana zaune a cikin motar haya, ba ruwa ba kududdufi. Daga nan sai ya shiga zullumin ranar da zai sake zuwa, har ya daina bi ta hanyar da ruwan yake. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

A unguwa za a ce mutanen ruwa ne suka taɓa shi, wasu kuma su ce tsoro ne kawai ya kama shi. Likitoci kuwa suna da suna ga wannan hali, watau ciwon firgita. Tun 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware shi a matsayin ciwo mai zaman kansa. Alamunsa su ne bugun zuciya, gumi, makyarkyata, sarƙewar numfashi, jiri, da jin cewa ajali ya iso. Yakan kai ƙololuwarsa cikin 'yan mintoci sa'an nan ya lafa. Firgita sau ɗaya ba ta zama ciwo. Sai in tana maimaituwa ba zato ba tsammani, mutum kuma ya shafe wata guda ko fiye yana fargabar dawowarta. Ba farfaɗiya ba ce, ba kuma hauka ba ce, kuma tana jin magani.

A kan tudu wannan ciwo ba ya kisa, illa dai ya wahalar. A ƙarƙashin ruwa labarin ya sha bamban, musamman ga wanda yake nutso da tukunyar iska a baya, irin na'urar da Bafaranshen nan Jacques Cousteau da abokinsa Emile Gagnan suka ƙera a 1943. Dalili shi ne, a zurfin mita 10 nauyin da yake danne jiki ya ninka na bisa sau biyu, saboda haka iskar da mutum ya shaƙa a can za ta kumbura ta ninka girmanta in ya taso da ita. Wanda ya firgita kuwa abu biyu yakan yi: ya riƙe numfashi, ya kuma yi sama a guje. Haɗuwar waɗannan biyun tana iya yaga huhu, kumfar iska ta shiga jini ta toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ƙa'idar sojojin ruwa na Amurka ta ce kada tasowa ta wuce mita 9 a minti ɗaya, kuma kada a daina numfashi ko kaɗan. Wani malamin jami'a a Amurka, William Morgan, ya buga bincike a 1995 inda fiye da rabin masu nutson da aka tambaya suka ce sun taɓa firgita ko sun kusa firgita a cikin ruwa. Ashe ke nan abin bai tsaya ga sabon shiga ba.

Ruwan Jos kuma yana da nasa ƙarin wahala. Garin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma jadawalin nutso da aka tsara don bakin teku ba ya aiki yadda yake da zarar an haura mita 300, dole sai an gyara lissafi. Ramukan kuza bangonsu a miƙe yake, taku biyu daga gaɓa ƙafa ta rasa ƙasa. Ruwan yana da sanyi a can ciki, lakar da ta kwanta kuwa da an motsa ta sai ido ya daina gani. Sanyi da duhu da rashin sanin inda sama take, su ne ainihin abubuwan da suke tayar da firgita. Shi ma mai nutso da numfashinsa kaɗai, kamar yadda gwanayen Argungu suke yi a kogin Matan Fada, bai tsira ba, don in ya yi ta haki da sauri kafin ya shiga, yana iya suma a cikin ruwa ba tare da wata alama ba.

To, ko mai wannan ciwo yana iya komawa ruwa? Amsar likitoci ita ce mai yiwuwa ne, amma da sharuɗɗa. Muddin firgitar tana zuwa masa ba shiri, to, ruwa mai zurfi ba wurinsa ba ne. Matakin farko shi ne zuwa asibiti, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Za a fara duba zuciya da huhu da halittar nan ta wuya mai haddasa maƙoƙo, don ciwonsu yakan yi kama da firgita. In an tabbatar, akwai magani iri biyu. Akwai na zama da ƙwararre, wanda yake koya wa mutum gane alamun jikinsa da daina yi musu mummunar fassara, yana kusantar da shi sannu a hankali ga abin da yake gudu. Akwai kuma ƙwayoyi da ake sha kullum, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin su fara aiki, ba a kuma yanke su farat ɗaya. Ƙwayoyin kwantar da hankali masu sa barci, irin su Valium, ba su haɗuwa da nutso sam, don suna kashe kuzari, suna kuma ƙara mayen da iskar tukunya takan jawo a wajen zurfin mita 30. Yawan goro da kofi ma yana ingiza ciwon, balle wiwi.

In ciwo ya kwanta na tsawon watanni, likita kuma ya sa hannu, sai a koma daga tushe kamar almajirin da ya dawo makaranta bayan doguwar jinya. A fara da ruwa mai haske wanda ƙafa take taɓa ƙasa, tare da malami. A maimaita cire gilashin fuska da mayar da shi, da karɓar bututun iska daga abokin tafiya, har hannu ya saba ba sai an yi tunani ba. Ana ƙara zurfi kaɗan-kaɗan, da rana tsaka, da igiya, da aboki wanda ya san halin da ake ciki. A kuma yi alkawari tun a gaɓa cewa duk wanda ya ba da alamar a fita, to, an fita, ba tambaya ba gori. Aikin lalubo gawa a cikin duhu shi ne na ƙarshe da za a koma masa, in ma za a koma. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda kuwa ya ga ba zai iya ba, riƙe igiya a gaɓa da horar da yara aiki ne babba, ba faɗuwar daraja ba ce.

Babban abin tsoro shi ne kunya. Mai nutson da ya san za a kira shi matsoraci, ko a ce ya taɓu, zai ɓoye ciwonsa ya shiga ruwa ranar da mutane suka taru suna kuka suna roƙonsa. A irin wannan rana ce akan shiga neman gawa ɗaya a fito da biyu. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana nuna wa masu irin wannan lalura bambanci. Doka dai ta yi nata, saura jama'a.

Ya kamata hukumomin Jihar Filato su san gwanayen ruwan da suke dogara da su, su ba su horo da kayan aiki, a riƙa duba lafiyarsu ta jiki da ta zuciya, musamman bayan aiki mai tayar da hankali. Masu unguwanni da limamai da shugabannin coci su kuma su ja kunnen iyaye game da wankan kududdufi, su kuma hana a tilasta wa wanda ya ce yau ba zai iya shiga ba. Mutumin da ya sha fito da 'ya'yan mutane daga ƙarƙashin ruwa ya cancanci a saurare shi ranar da ya ce gabansa yana faɗuwa. Allah Ya kiyaye, Ya ba marasa lafiya sauƙi.