Masu Ziyarar Ibada a Amman: Abin da Baƙo Ke Gani da Wanda Ba Ya Gani

Tun 2021, lokacin da cutar korona ta rufe hanyar Isra'ila, hukumar kula da ziyarar ibada ta Kiristocin Nijeriya ta fara kai jama'armu ƙasar Jodan. Wasu 'yan'uwa sun yi gunaguni: me zai kai Kirista ƙasar Musulmi da sunan ibada?

To, Amman, babban birnin ƙasar, ba baƙo ba ne a Littafi Mai Tsarki. Shi ne Rabba ta Ammonawa, inda Yowab ya sa Uriya Bahitte a bakin dāga bisa umarnin Dawuda. Daga nan tafiya kaɗan ce zuwa Dutsen Nebo, inda Musa ya hangi ƙasar alkawari, da kuma Betanya ta hayin Urdun, inda aka yi wa Ubangijinmu baftisma. A wurin ne aka keɓe sabuwar majami'ar Katolika a Janairun 2025.

Mai ziyara zai ga abubuwan da za su faranta masa rai. A unguwar Abdali, masallacin Sarki Abdullahi na Ɗaya yana fuskantar majami'ar Kibɗawa, titi ne kawai tsakaninsu. Ranar Kirsimeti hutu ne ga kowa. Kiristoci 'yan kaɗan ne ƙwarai, amma an keɓe musu kujeru 9 a majalisar wakilai. Mu da muka san wahalar samun filin gina coci a wasu garuruwanmu, dole wannan ya sa mu tunani.

Sai dai mako guda a cikin motar 'yan yawon buɗe ido ba ya nuna wa mutum komai da komai. Hukuma ba ta yarda a yi wa Musulmi bishara ba, wanda kuma ya bar Musulunci, kotun shari'a tana iya raba aurensa, ya rasa gādo. Nan ne ya kamata shugabannin ayari su ja wa mutanenmu kunne. Wanda ya tsaya raba takardun wa'azi a kasuwa, jibi zai hau jirgi ya komo gida. Ikilisiyar wurin, wadda ta girmi tamu da ɗaruruwan shekaru, ita za ta amsa tambaya.

Haka kuma a watan azumi doka ta hana ci da sha a fili da rana. Ranar Lahadi kuwa ranar aiki ce a can, don haka a tambayi lokacin sujada tun kafin a bar masauki.