Dokar da Ta San Ƙofar Talaka, Ta Manta Ƙofar Gwamnati

'Yan uwa malamai, akwai wata muhawara da masana shari'a na jami'o'inmu suka daɗe suna tafkawa a mujallunsu, wadda mu masu riƙe da alli ba mu cika jin ɗuriyarta ba, alhali kuwa a kanmu da ɗalibanmu ake yin ta. Tambayar da suke yi ita ce: shin karatun firamare kyauta haƙƙi ne da yaro zai iya nema a gaban alƙali, ko kuwa alkawari ne da gwamnati za ta cika ran da ta ga dama?

Tushen rigimar yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 18 ya ɗora wa gwamnati nauyin bayar da ilimin firamare kyauta kuma dole ga kowa, amma ya gindaya sharaɗin cewa sai idan hali ya samu. Sannan wannan sashe yana cikin Babi na Biyu, babin manufofin ƙasa, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna sauraron ƙara a kansa. Ashe dai an ba da da hannun dama, an karɓe da na hagu. Shekara da shekaru, duk wanda ya tayar da maganar ilimi a kotu, wannan katanga ake nuna masa.

Sai dai masana ba su naɗe hannu ba. Wasunsu suka ce katangar tana da ƙofa: idan Majalisar Tarayya ta ɗauki wata manufa daga wancan babi ta mayar da ita doka, to ta zama abin da kotu za ta iya tilasta wa a bi. Kotun Ƙoli ta amince da wannan fahimta a 2002, a shari'ar da Jihar Ondo ta kai Gwamnatin Tarayya kan dokar da ta kafa hukumar ICPC. Bayan shekara biyu aka zartar da Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004, wadda ta haifi hukumar UBEC, ta kuma ce wajibi ne kowace gwamnati ta ba kowane yaro ilimin firamare da na ƙaramar sakandare kyauta. A 2009 Kotun ECOWAS, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, ta ce ilimi haƙƙi ne da za a iya nema a gabanta, bisa Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan'adam ta Afirka wadda Nijeriya ta mayar dokar gida. A 2017 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a ƙarar ƙungiyar LEDAP, ta yanke cewa idan aka haɗa sashe na 18 da dokar 2004, ilimi kyauta ya zama haƙƙin da kotu ke iya karewa.

A takarda ke nan, yaron da ke zaune a ƙasa cikin ajinmu ya yi nasara har sau biyu. Sai dai hukunci ba ya kafa kwano a kan ajin da iska ta yaye, kuma yawancinmu ba mu ga canjin da ya biyo bayan waɗannan hukunce-hukunce ba.

Dalilin, a ganinmu, yana cikin dokar 2004 kanta, kuma ya kamata kowane malami ya san shi. Dokar ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta: karon farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, daga nan kuma naira 5,000 ko wata biyu. Ta kuma tanadi tarar da za ta iya kaiwa naira 10,000 ko ɗaurin wata uku ga wanda ya karɓi kuɗi daga ɗalibi. Wannan na biyun mu yake nufi. Hedimastan da ya rasa alli da rajista, ya ce kowane yaro ya zo da naira hamsin, shi ne dokar ta ɗana wa tarko. To ina hukuncin jihar da ta bar shi ba alli? Dokar ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin tallafa wa ilimin bai-ɗaya, da sharaɗin jiha ta kawo rabin kuɗin aikin kafin ta karɓa. Idan ta ƙi kawowa, iyakar abin da zai faru shi ne kuɗin su ci gaba da kwanciya a Abuja. Hukumar UBEC da bakinta ta sha kokawa cewa biliyoyin naira suna jibge ba a zo an ɗauka ba. Babu gwamnan da ya rasa barci saboda haka. Yaro ne ke biyan tarar da shekarun ƙuruciyarsa.

Adalci ne mu faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. Akwai masana da ke cewa alƙali ba shi ke tsara kasafin kuɗi ba, kuma idan kotu ta fara umartar gwamnati ta gina aji kaza a ƙauye kaza, ta shiga gonar da ba tata ba. Maganar tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma ba mu ce alƙali ya zama kwamishinan ilimi ba. Abin da muke so shi ne a tambayi jiha a bainar jama'a me ya hana ta kawo kasonta, ta ba da amsa da rantsuwa. Wanda ya ce hali bai samu ba, sai ya buɗe lalita a gani.

Laifinmu mu ma yana nan. Mun ƙware wajen yajin aiki a kan albashi, kuma haƙƙinmu ne, amma nawa ne daga cikinmu suka taɓa karanta dokar da muke aiki a ƙarƙashinta? A kwalejin ilimi an karantar da mu tarihin ilimin boko da dabarun koyarwa, ba a zaunar da mu kan wannan ba. Su kuma masana suna rubutu da Turancin da ko lauya sai ya gyara zama, a mujallun da ba sa zuwa ofishin malamai. Su suna da hujja ba su san ajinmu ba, mu mun san ajin ba mu riƙe da hujjar.

Don haka muna kira ga shugabannin reshe da su sa a fassara muhimman sassan dokar 2004 zuwa Hausa, a raba wa kowace makaranta da kwamitin iyayenta. A gayyaci malamin shari'a daga jami'a mafi kusa ya zo taronmu, ba don lacca kaɗai ba, har don ya ga aji mai yara ɗari da malami ɗaya, ya koma ya rubuta. Kuma tun da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardu daga hukumar tarayya, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa, sakataren reshe zai iya rubuta wa UBEC a wannan zango, ya nemi a faɗa mana nawa jiharmu ta karɓa a kowace shekara, nawa kuma ta bari. Idan amsar ta iso, a karanta ta a taron reshe na gaba, a gaban iyayen yara.