Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido

Duk ɗan kasuwar da ke duba wayarsa a kwanakin nan ba zai rasa cin karo da tallar wata na'urar gyaran fata ba, wato lesa mai aiki da iskar kabon, wadda likitoci ke kira CO2. Ana nuna fuska mai tabo a gefe guda, ga kuma fuska sumul a ɗaya gefen, sannan a ce kowane shagon kwalliya zai iya sayen tasa. Sanin kowa ne abin da aka tallata yau a Dubai ko ƙasar Sin, gobe sai a gan shi a Ƙonni da Illela, ko Ɗan Isa da Jibiya. Shi ya sa muka ga ya dace mu faɗi gaskiya tun kafin kaya su cika rumfuna: wannan na'ura kayan tiyata ce, wurinta asibiti, a hannun likitan fata.

Wani masani haifaffen Indiya mai suna Kumar Patel ne ya ƙirƙiro ta a Amurka a shekarar 1964. Haskenta ido ba ya ganinsa, amma da zarar ya sauka a jiki, ruwan da ke cikin fata sai ya tafasa nan take, saman fatar ya ƙone ya tashi. Ke nan ƙuna ce ake yi da gangan, bisa awo, domin jiki ya fito da sabuwar fata. Daga 2004 aka samu dabarar huda ƙananan ramuka kamar na rariya, a bar lafiyayyar fata a tsakaninsu, ta yadda ciwon kan warke cikin kamar mako guda maimakon mako biyu ko fiye.

Ba mu musun amfaninta. A hannun gwani tana rage tabon ƙuraje da na ƙuna, tana cire tsiron fata, tana rage yamushewar fuska. Masu tsagen gado da ke son rabuwa da shi su ma sukan ga sauƙi, ko da yake ragewa take yi, ba ta gogewa ƙarƙaf. Amma ba na'urar mai da mutum fari ba ce, kuma duk wanda ya ce muku haka, kuɗinku yake so.

Inda gizo ke saƙar shi ne fatarmu. Baƙar fata idan ta ƙone, takan mai da martani da ƙara baƙi a wurin, sai mai neman kawar da tabo ɗaya ya wayi gari da dabbare-dabbare na watanni. Haka kuma tabon nan mai kumburi da girma, irin wanda ke fito wa wasu bayan hujin kunne, ya fi yawa ga baƙar fata. Bayan aikin dole a guji rana na makonni, a kiyaye ciwon daga ƙura da ƙwayoyin cuta. To ina mai tallar da ke wuni a rana da ƙurar kasuwar Maigatari za ta samu wannan hutu? Ga kuma ido: kuskure ɗaya ba tare da tabarau na musamman ba yana iya lalata ganin mutum.

Akwai wata magana mai ɗaci da ta shafe mu kai tsaye. Cikin waɗanda za su fi ruɗuwa da wannan talla har da matan da man bilicin ya riga ya ɓata wa fuska, man da daga rumfunanmu aka saye shi. Sinadaran da ke cikinsa, irin su haidirokinon da makuri da magungunan siteroyid, suna sa fata ta yi siriri, ta yi baƙi-baƙi a kumatu, ciwo kuma ya daɗe bai warke ba. A ɗora wuta a kan irin wannan fata, ai ana kukan targaɗe ne sai ga karaya. Ba a banza ba Kodebuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015, Gana ta hana masu haidirokinon, hukumar NAFDAC ta Nijeriya kuma ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Abin kunya ne mu ci ribar ɓata fata, mu dawo kuma mu ci ribar ƙone ta.

Saboda haka muna kira ga ƴan uwanmu masu sarin kaya da kada su shigo da wannan na'ura sai da odar asibiti da takardar ma'aikatar lafiya. Muna kira ga jami'an duwan da na kwastan a ɓangarorin iyaka biyu su ɗauke ta a matsayin kayan asibiti, ko da an rubuta kayan kwalliya a jikin kwali. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi su ja kunnen mambobinsu, domin ranar da fuskar ƴar wani ta lalace, ba za a je Sin neman mai laifi ba, rumfar da ta sayar za a nufa.

Ku kuma masu sha'awar aikin, ku tambayi mai yi ko shi likitan fata ne, ko ya saba aiki a kan baƙar fata, kuma ko zai fara gwadawa a ƙaramin wuri tukuna. Ku gaya masa gaskiyar man da kuke shafawa. In ya yi ƙwauron amsa, ku kama gabanku. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma fuska ba atamfa ba ce da za a mayar a canjo wata. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.