Sanarwar Bayan Taro Kan Shirya Iyaye Su Ɗauki Bidiyon Motsin Jarirai a Gida

Ƙungiyarmu ta iyaye, ungozomomi da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi ta yi zama a garin Dutsin-Ma, inda ta tattauna kan hanyar da masu bincike ke bi a yanzu ta sa iyaye su ɗauki bidiyon jariransu da waya a gida, su aika wa ƙwararru su duba.

Taron ya fara da sauraron bayani kan tushen aikin. Farfesa Heinz Prechtl, masani ɗan ƙasar Ostiriya, shi ne ya nuna cewa jariri mai lafiyar ƙwaƙwalwa yana da wani irin mutsu-mutsu na wuya, kafaɗu, hannuwa da ƙafafu da yake yi da kansa in yana farke. Wannan motsi kan bayyana daga mako 9 zuwa mako 20 bayan cikar watannin haihuwa, ya fi fitowa tsakanin mako 12 da 16. In ba a gan shi ba, alama ce mai ƙarfi ta larurar ƙwaƙwalwa da ke hana yaro zama da tafiya. A Ostireliya akwai manhajar Baby Moves, a Norwe kuma In-Motion, duk don iyaye su ɗauki wannan bidiyo da hannunsu.

Mahalarta sun amince cewa abin ya shafe mu kai tsaye. Doguwar naƙuda da ke sa jariri ya fito bai yi kuka ba, ciwon shawara da ake bari har ya hau kai, sanƙarau da haihuwar bakwaini, su ne manyan musabbaban wannan larura ta ƙwaƙwalwa, kuma ba baƙi ba ne a garuruwanmu irin su Birchi ko Karofi. Sau da yawa sai yaro ya shekara wuyansa bai tsaya ba sannan a fara neman magani, wasu ma su ce ɗan ruwa ne. Taron ya yi tir da wannan suna.

An daɗe ana muhawara kan yadda za a koya wa iyaye. Matsayar taron ita ce takarda ba za ta wadatar ba, sai an gwada a gaban uwa ta gani, ita ma ta gwada. A shimfiɗa zani mara ado a kan tabarma, a kwantar da jariri a rigingine, da ɗan kamfai ko riga mara hannu. Ya kasance ya ƙoshi, idonsa biyu, ba ya kuka. Mai ɗauka ya tsaya ta wajen ƙafafunsa, ya riƙe waya daga sama yadda za a ga tafin hannu da na ƙafa, minti 3 zuwa 5. Abin da ya fi wuya shi ne shiru: ba tafi, ba kiran suna, ba yayye masu leƙe. Wata ungozoma ta ja hankalin taro cewa kaka ba ta iya ganin jikanta yana wutsil-wutsil ta ƙi yi masa wasa, don haka ita za a fara shawo kanta. Lokacin hunturu kuwa a bari sai hantsi ya ɗaga, a yi a ɗaki kusa da ƙofa, kada a tuɓe yaro cikin sanyi saboda bidiyo.

Lissafin makonni ma sai an kula. Bakwaini ana ƙirga masa daga ranar da ya kamata a haife shi. Tun da lokacin ɗaukar yana zuwa ne bayan arba'in, sa'ad da mai haihuwar fari ta koma ɗakinta daga wankan gida, dole a rubuta adireshin gidajen biyu tun ranar suna.

Kan batun amincewa, taron bai yi sassauci ba. Mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara a Kano a 1996 ba. Duk mai binciken da zai zo ya nuna izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ya yi bayani da Hausa a gaban uwa da uba, ya faɗi wanda zai kalli bidiyon, inda za a ajiye shi da ranar da za a goge shi, kamar yadda Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta tanada. Ba a yarda bidiyon ɗan kowa ya shiga zauren WhatsApp ba. Wanda ya ƙi, ko ya janye daga baya, ba za a rage masa komai a asibiti ba.

Taron ya kuma tuna da katse layukan waya da aka yi a 2021 saboda matsalar tsaro, wanda ya haɗa da Dutsin-Ma da Kurfi. Saboda haka a tanadi hanyar karɓar bidiyo hannu da hannu a ranar rigakafin mako 14, kuma mai bincike ne zai ɗauki kuɗin data da aron waya ga gidan da ba shi da ita.

Sharaɗi mafi girma shi ne sakamako ya dawo. Bidiyo ba hukunci ba ne, matakin farko ne kafin likita ya duba yaro. In an ga alamar damuwa, a faɗa wa iyaye baki da baki, cikin sirri, a haɗa su da likitan yara da sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da kuɗin mota. Ƙungiya ba za ta shiga binciken da ba shi da wannan tanadi ba.

An ɗora wa shugabannin ƙungiya isar da wannan matsaya ga hakimai, limamai, sassan lafiya na ƙananan hukumomin biyu da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Zama na gaba a Kurfi za a yi shi.

Sa hannu:
Shugaba
Sakatariya