Fili A Mamudo: Takarda Tukuna, Sa'an Nan Tubali

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, musamman mutanen ƙasar Potiskum, sun daɗe da al'adar tara abin da suka samu a kurmi su aika gida a saya musu fili. Wannan abin yabo ne. Mamudo kuwa, da yake tana bakin babbar hanyar da ta tashi daga Potiskum zuwa Damaturu, ga shi kuma birni yana ta matsowa gare ta, ta zama wurin da masu ƙaramin jari suka sa wa ido. Abin takaici shi ne da yawa kuɗi kawai suke aikawa, ba su tambayar takarda.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amana domin jama'a. Wato wanda ya sayi fili, izinin zama a kansa ya saya. Filin cikin birni gwamna ne ke ba da takardar shaidarsa, na karkara kuwa ƙaramar hukuma, kuma ba a sayar da shi ga wani sai da yardarsu. Saboda haka shaidar bulama da maƙwabta, ko da yake wajibi ce domin su ne suka san iyaka da asalin gona, ba ta wadatar ba. Gonar gado ta fi kowace haɗari: sai ka saya daga hannun ɗa ɗaya, ka kai gini linta, sauran magada su bayyana. Kowannensu ya sa hannu tun da fari.

Takardar kuma ta fito da sunanka, ba da sunan ƙanenka da ka wakilta ba. Wasu na ganin wannan rashin yarda da ɗan'uwa ne. Ko kusa. Yau kuna raye kuna shiri. Ran da ɗayanku ya kau, 'ya'yanku ne za su tsaya gaban alƙali, shi kuwa abin da aka rubuta zai duba.

Game da haya, kada ka yi lissafi da farashin Agege ko Sabon Badun. Mai kama ɗaki a Mamudo malamin makaranta ne, ko direba, ko ɗan tireda, ba zai biya shekara biyu gaba ɗaya ba. Shago biyu a fuskar hanya da ɗakuna uku masu ruwa da makewayi sun fi katafaren gida da zai tsaya babu rufi damina uku. Wanda zai karɓar maka haya, ko da wanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, a yanka masa ladansa, ya riƙe littafi, ya ba kowane ɗan haya rasit, a kuma ware kuɗin wata ɗaya kowace shekara domin gyaran kwano da yaɓe kafin ruwa ya sauka.