Na'urar Neman Zinariya: Abin da Take Ji da Rani Ba Shi Take Ji da Damina Ba

A cikin watan Afrilu na 2014 ne labari ya bazu cewa an ga zinariya a Jado, can ƙuryar arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar, kuma kafin a ce kwabo dubban mutane sun cika hamadar, daga Agadas da Damagaram, da Cadi da Sudan, har da Nijeriya. Makamin wannan rububi kuwa wata na'ura ce mai kama da sanda da faifai a bakinta, wadda ake shafa ƙasa da ita, in ta bi ta kan ƙarfe sai ta yi ƙara a kunnen mai riƙe da ita. Gwamnatin Nijar ta rufe filin Jado a 2017, amma na'urar ba ta koma inda ta fito ba. Ta bi masu ita ta gangaro kudu, ƙasashen da ake ruwa, inda mutum kan sayar da shanu ko ya jinginar da gona domin ya mallake ta.

To, a nan ne ake kuka. Injin da ya yi abin kirki a hamada sai ya zo ƙasar damina ya kama surutu ba dalili, mai shi ya ce jabu aka sayar masa, ko kuwa mutanen ɓoye ne suka hana. Jabu kam akwai su a kasuwa, babu musu. Amma sau da yawa laifin na ƙasa ne da yanayi.

Ita dai wannan na'ura ba ta san zinariya ba. Faifan nan naɗin waya ne mai tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. In ya tarar da abin da lantarki ke iya bi ta cikinsa, sai 'yar wuta ta motsa a jikin abin ta mayar da amsa, amsar nan ce ake ji a kunne. Abin da ke ɓata sha'ani shi ne ƙasa ma tana amsawa, ga ta kuwa ta fi ƙwayar zinariya yawa nesa ba kusa ba. Jar ƙasa da marmara da baƙin yashin nan mai manne wa maganaɗisu duk suna ɗauke da tama, saboda haka tilas a saita injin ya yi watsi da muryarsu kafin a fara aiki.

Gishiri kuwa halinsa dabam ne, kuma shi ne ya fi yaudara. Busasshen gishiri bebe ne, lantarki ba ya binsa. Da zarar ya jiƙe ya narke, sai ya zama hanya. A Bilma, kudu da Jado, ruwan da ake samu a shekara bai kai milimita 20 ba, don haka gishiri da kanwar wannan yanki kwance suke shiru. A fadamar da ke da kanwa kuwa, ruwan dare ɗaya ya isa ya sa fili duka ya ɗauki ƙara. Babban abin takaicin shi ne muryar jiƙaƙƙen gishiri ta yi kusa ƙwarai da ta ƙananan ƙwayoyin zinariya, watau in aka murɗa injin ya daina jin gishirin, ya daina jin su ke nan. Mai nema sai ya taka arzikinsa ya wuce, injin yana shiru. Masu wannan sana'a a bakin tafkunan gishiri na yammacin Ostareliya sun daɗe da sanin haka, shi ya sa sukan jira ƙasa ta bushe.

Akwai maganar da 'yan kasuwa ke yawan yi wai ɗanshi yana ƙara wa na'ura ji. Maganar ta fito ne daga irin su Ingila, inda ake neman tsofaffin kuɗi a gonaki masu ƙasa mai sauƙi, kuma tsatsar tsohon ƙarfe takan bazu cikin laimar da ke kewaye da shi har ya zama kamar ya ƙara girma. Zinariya ba ta tsatsa. Ga mai nemanta a jan yumɓu, ruwan farko wahala yake ƙarawa, domin sama ta jiƙe ƙasa na bushe, nan laima can fako, saitin da aka yi a gindin wannan itace ba ya kai mutum wancan.

Sama ma tana da nata. Faifan injin tamkar eriyar rediyo yake, walƙiyar hadarin da ke nesa, wanda ko gajimarensa ba a hango ba, sai ta riƙa shigowa kunne tana tartsatsi. In hadarin ya matso kuwa maganar ta wuce ta zinariya, gama mutum ne tsaye a fili riƙe da sandar ƙarfe. Da hunturu busasshiyar iska mai ƙura takan tara lantarki a jikin faifan, da bazara kuma zafin tsakar rana yana cin batir, ƙasa ta ƙara surutu.

Masu tonon nakiyoyi, waɗanda kuskure ɗaya ke iya raba su da ƙafa, ba sa yarda da inji haka kawai. A 1941 ne hafsan Folan Józef Kosacki ya ƙera na'urar da aka yi aiki da ita a El Alamein a 1942, kuma a jar ƙasar Angola da Kambodiya ƙa'idarsu ita ce a binne ɗan ƙarfen gwaji a ƙasar filin, a zurfin da ake bukata, a tabbatar injin ya ji shi kafin a shiga. In yanayi ya juya, a sake gwadawa. Mai neman zinariya ba ya rasa ƙwaya guda kamar ƙwayar dawa da zai yi irin wannan gwaji da ita kowace safiya.

Lokacin da ya fi dacewa a ƙasar Hausa shi ne kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya gama wanke kwazazzabai ya fito da tsakuwar da ke ƙarƙashi, ƙasa ta tsane, tsawa ta ɗauke, hazo bai sauko ba tukuna. Sai dai ciyawa tana nan da tsawonta, kuma duk yatsa guda da ta ɗaga faifan daga ƙasa, an rasa shi ke nan a zurfi.