Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Kowace unguwar 'yan Arewa da ke biranen Kudu tana da shugabanninta. Akwai Sarkin Hausawa, akwai Sarkin Fulani, akwai shugaban 'yan kara da na 'yan gwari da na 'yan goro, har da na 'yan acaba da na 'yan dako. Daga Sabon Badun zuwa Agege da Idi-Araba a Ikko, daga Shagamu zuwa Anacha da Fatakwal, da wuya a sami wurin da mutum hamsin suka taru ba su naɗa wa kansu babba ba. Ashe rawani bai yi ƙaranci ba. Abin da ya yi wuya shi ne shugaba mai hangen nesa, wanda kan ga hadari tun yana haɗuwa a gabas, ya sa a kwashe shanya kafin ruwa ya sauko.

Mutane da yawa suna zaton basira aba ce da akan haifi mutum da ita, wanda bai samu ba kuwa sai haƙuri. Lalle Allah ne mai bayarwa, kuma bai yi mutane daidai ba. Amma wuƙa ko ta fi kowace kyau, in ba a wasa ta ba, ba ta yanka. Abin da ake kira basirar shugaba, watau ya dubi al'amari zuciyarsa ta gaya masa inda zai ƙare, galibi sani ne da ya daɗe yana tarawa, har ya zama ba ya bukatar dogon lissafi kafin ya yanke shawara.

Tarihin Sabon Badun ya isa misali. An kafa unguwar a cikin 1916, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano, cinikin shanu da na goro ya bunƙasa. Wani masanin zaman jama'a daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a unguwar a cikin 1962 da 1963, littafinsa kuma ya fito a 1969. Ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta Yarbawa shanu bashi, maigida kuwa shi ke tsaya wa baƙonsa mai shanu, in mahauci ya gaza biya, asarar tana wuyansa. Saboda haka dole maigida da dillalansa su san kowane mahauci ciki da waje, su san ƙarfin cinikinsa, da bashin da ke kansa, da halinsa wajen cika alkawari. Baƙon da ya ga dillali ya dubi mutum sau ɗaya ya ce kada a ba shi sa, sai ya yi tsammani duba yake yi. Alhali kuwa shekarun da ya yi yana zaune a kara, yana saurare yana lura, su ne suka yi magana.

Har wa yau a wannan unguwa, da aka shiga shekarun 1950, siyasar jam'iyyu ta kunno kai, hukuma kuma ta janye goyon bayan da take ba Sabo na zama unguwa mai tafiyar da al'amuranta da kanta. Manyan unguwar suka lura cewa sandar da suke dogarawa ta kusa karyewa. A daidai wannan lokaci yawancin jama'ar suka shiga ɗarikar Tijjaniyya, a cikin 1952 kuma suka buɗe nasu masallacin Juma'a, al'amura da yawa suka koma hannun malamai. Ana iya yin gardama a kan ko raba masallaci da Musulmin gari daidai ne, kuma gardamar tana da hujja. Abin lura dai shi ne, mutanen nan sun gane zamani ya juya, suka nemi abin da zai riƙe jama'arsu da amanar cinikinsu tun kafin su watse.

In aka dubi masifun da suka auka wa 'yan Arewa a Kudu daga 1999 zuwa yau, za a tarar kaɗan ne suka zo ba sallama. A cikin Yuli 1999 rikici ya ɓarke a Shagamu lokacin bikin Oro, bayan an kashe wata mace Bahaushiya da aka ce ta fito da dare, abin da al'adar bikin ta hana mata. Rayuka da yawa suka salwanta, ramuwar gayya kuma ta biyo baya a Kano. Babu al'adar da ta halatta zubar da jini, wannan ba abin musu ba ne. Amma bikin Oro ba ya faɗowa daga sama, akan san lokacinsa. Shugaba mai tsinkaya kan je fadar sarkin gari tun da sauran kwanaki, a daidaita iyakar inda masu biki za su bi, sa'an nan ya sa a yi shela a masallatai da gidajen baƙi, domin wanda ya sauko daga mota jiya ya san abin da ake ciki.

Haka kuma a kasuwar Shasha ta Badun a cikin Fabrairu 2021. Asalin abin cacar-baki ce tsakanin wani ɗan dako da wata mai shago, wani mai gyaran takalmi ya shiga tsakani, aka yi hannu, washegari ya rasu. Daga nan wuta ta tashi, ta ci shaguna da gidaje na Hausawa da na Yarbawa. Makonni kaɗan kafin wannan an yi tashin hankalin Igangan, a Jihar Ondo kuma an ba makiyaya wa'adin barin dazuzzukan gwamnati, ƙasar Yarbawa duka ta ɗauki zafi. A irin wannan hali, wanda ya san gari ya san ƙaramin faɗa ba ƙarami ba ne. Tsakanin faɗan da tashin wutar akwai dare guda cur. Irin wannan dare shi ne jarrabawar shugabanci a kowane ɓangare: ko a kwana ana zuwa asibiti da gidan dangin wanda aka ji wa rauni da ofishin 'yan sanda, ko a kwana ana barci.

Abin da ya biyo bayan Shasha shi ma darasi ne. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu sayar da kayan abinci da dabbobi ta hana kai kaya Kudu na kimanin mako guda, kafin a janye a farkon Maris. Farashin tumatir da albasa da nama ya hau a Ikko da Badun, duniya ta ji kukan 'yan kasuwa. Amma a Arewa kayan gwari sun yi kwantai, farashi ya faɗi, manomin rani ya kwana da asara, ƙaramin ɗan tireda da ke Mile 12 kuwa ya zauna ba kaya, ga maƙwabta suna hararsa. Fushin yana da dalili. Sai dai hangen nesa yana tambayar abin da fushi ba ya tambaya: bayan wannan mataki me zai biyo, wa zai biya kuɗinsa, kuma da wace fuska za a koma zama da mutanen gari?

Maganar acaba a Ikko ta fi duka fitowa fili. Tun 2012 dokar hanya ta jihar ta hana babura bin ɗaruruwan tituna. A cikin Fabrairu 2020 aka tsananta, a cikin Yuni 2022 kuma aka haramta sana'ar baki ɗaya a ƙananan hukumomi shida. Shekara goma ke nan gwamnati tana nuna inda ta dosa. Duk wata ƙungiya da ta karɓi kuɗin tikiti daga hannun samari a cikin waɗannan shekaru, ya kamata ta tambayi kanta nawa ta ware domin koya musu tuƙin mota, ko walda, ko gini, ko ba su jarin tireda. Ranar da aka kwashe baburan aka niƙe, ranar ce ta nuna wanda ya yi tanadi.

To, ta yaya shugaba zai wasa basirarsa? Na farko, ya faɗaɗa majalisarsa. Sarkin da ba ya jin kowa sai attajirai biyar da ke zama kan kilishinsa, makaho ne ko da idonsa biyu. Labarin gari yana bakin mai shayi, da mai tuwo-tuwo, da mai gadi, da direban tirela, da yaron da aka haifa a Agege yana jin Yarbanci kamar ɗan gari. Su ne ke fara jin canjin murya a kasuwa.

Na biyu, a riƙa rubutawa. Ƙungiyoyi da yawa ba su da littafin da ya nuna mutanensu nawa ne, ko wace yarjejeniya aka yi da masu ƙasa a kan filin kara, ko yaya aka kashe rikicin da ya wuce. Dattijo ya rasu, saninsa ya bi shi kabari, na baya su sake faɗawa ramin da aka taɓa faɗawa. Takardar fili, da rajistar ƙungiya, da katin zaɓe na wurin da mutum yake zaune, duk makamai ne da ba a ƙera su ranar yaƙi.

Na uku, a ƙulla zumunci tun ana lafiya. Wanda bai je bikin 'yar Bale ba, bai yi wa Iyaloja ta'aziyya ba, bai san baturen 'yan sanda na yankinsa ba, kada ya yi tsammani za a ɗauki wayarsa da ƙarfe biyun dare. Malam Umaru Altine, Bafillace mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a cikin shekarun 1950, da ƙuri'un Ibo. Bai kai wannan matsayi da yawan 'yan'uwansa ba, domin ba su da yawa a garin. Ya shiga cikin mutane ne, ya yi gwagwarmaya tare da su, har suka amince masa.

Na huɗu, shugaba ya riƙa gwada tunaninsa. Zuciya takan yi daidai, takan kuma yi kuskure, musamman in fushi ko tsoro ko jita-jitar wayar hannu sun shige ta. Ya nemi mutum biyu ko uku waɗanda ba sa jin nauyin ce masa bai yi daidai ba. In al'amari ya wuce, a zauna a duba: me aka zata, me ya faru, ina aka yi sake? Da haka ido ke ƙara kaifi shekara bisa shekara. Ya kuma jawo samari masu ilimi kusa, ya riƙa aikensu fada da ofisoshi, domin magaji ba ya koyon sarauta ranar naɗi.

Nauyin bai tsaya kan shugabanni kaɗai ba. Jama'ar da ta zaɓi shugaban kasuwa saboda ya fi kowa kuɗi, ko ya fi kowa ɗaga murya, ita ta sayi abin da zai same ta. A garuruwa da dama an ga mutum biyu suna jayayya a kan rawani ɗaya, kowa da masu ɗaure masa gindi, talaka kuwa bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba in dare ya yi. Idan zaɓen ƙungiya ya zo, ko za a naɗa sabon Sarkin Hausawa, tambayar da ta kamaci masu zaɓe ita ce: wace fitina ce mutumin nan ya taɓa gani tun tana nesa, kuma me ya yi har ba ta iso ba? Aikin irin wannan mutum ba ya shiga jarida, gama wutar da aka kashe tun tana tartsatsi ba ta da labari. Amma shi ne dalilin da ya sa 'ya'yan wata unguwa suka kwana a ɗakinsu, ranar da na wata suka kwana a barikin soja.